Rasuwar Gajere, Famfon Tayar Motar Rigakafi

Da zuciya cike da baƙin ciki, da miƙa lamari ga Mai Kowa, ni Selina, ungozoma mai zagayen rigakafi da awon ciki a ƙauyukan Wurno da Rabah da Goronyo, a madadin direbanmu Baba Lawwali da sauran ma'aikatan ofis, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar famfonmu na ba taya iska, mai aiki da batir, wanda kowa ya sani da suna Gajere. Ya rasu ranar Talatar da ta wuce, gab da azahar, a bakin kwalta kan hanyarmu ta fitowa daga Tursa, bayan ya yi fama da ciwon ƙirji na wata biyar. Ya bar duniya yana da shekara huɗu da 'yan watanni, bakinsa ɗaure a jikin taya, a tsakiyar aiki.

Wanda bai taɓa bin hanyoyinmu ba zai ce wannan sanarwa ta yi wa famfo yawa. Don haka ya kamata in bayyana matsayin marigayin. Motarmu mai ja da taya huɗu ce, amma duk ƙarfinta, idan ta shiga yashi da taya cike tam, sai ta haƙa wa kanta rami ta zauna. Dole a sace iskar, a sauko da ita daga talatin da biyar zuwa sha takwas a ma'aunin iska, tayar ta baje ta bi kan yashin a hankali. In an fito kwalta kuma dole a mayar da iskar nan, in ba haka ba tayar ta yi zafi ta fashe. Sace iska aikin minti biyu ne, tsinke ma yana yi. Mayar da ita ne ya tsufar da mu.

Kafin zuwan Gajere, famfon ƙafa muke da shi. Baba Lawwali, wanda ya haura shekara hamsin da biyar, shi ke taka shi, taya huɗu, cikin rana, yana hutawa yana addu'a. Idan gwiwarsa ta gaza sai in tattare zanena in karɓe shi. Daga baya aka kawo mana wani mai igiya da ake jonawa a jikin mota. Igiyarsa ba ta kai tayar baya sai an buɗe ƙofa an zaro ta ta taga, kuma sau biyu yana ƙona mana fis. Ran da ya gama da mu, muna kan hanyar Kagara da alluran yara a akwatin sanyi. Ya ƙona fis, mota ta ƙi tashi, muka yi awa uku a gindin aduwa ina sauraron ƙanƙara tana narkewa. Da muka isa, matan da suka taru tun safe sun watse, sai Inna Kaltume, tsohuwar da ke tara mana su, zaune ita kaɗai a kan tabarma.

Ba ta yi faɗa ba. Ta gaishe ni, ta tambayi gida, sannan ta ce, "Sista, in kun san ba ku zakuwa, ku riƙa aiko muna. Mata sun bar albasa cikin rana don ku. Wani watan ban san mi zan ce musu ba."

A wannan makon na shiga Sakkwato neman famfo, na ce wa Baba Lawwali ba za mu dawo Wurno da wani abin kunya ba.

A nan aka fara sanin marigayin. Mai shagon ya jera mana guda biyar a kan tebur. Ya fi yabon wani ɗan siriri mai ƙyalli, kamar wayar hannu, har da fitila mai launi uku. Ya nuna mana kwalinsa inda aka rubuta lamba ɗari da hamsin, ya ce ko tirela zai cika. Baba Lawwali ya ɗauke shi da yatsa biyu, ya jinjina, ya ajiye.

"Wanga na ƙwallo na," in ji shi. "Lambar kwali ba ita ka cika taya ba. Minti nawa shika yi, kuma taya nawa shika cikawa kahin shi gaji?"

Mai shago ya ce ba a rubuta ba. Na ce to sai a gwada. Kafin ya gama fahimtar nufina, Baba Lawwali ya fita ya zagaya motar da ɗan tsinkensa, ya sauke tayoyin nan huɗu zuwa sha takwas a ƙofar shagon, mota ta durƙusa ta tare hanyar shiga.

"Madam, mi yay yi zahi haka?" in ji mai shago.

Na ce masa, "Alhaji, ba mu tashi nan sai ɗayansu ya tashe mu."

Na ciro agogon da nake ƙirga bugun zuciyar masu ciki da shi. Ɗan siririn ya yi minti goma sha ɗaya a taya guda, jikinsa ya yi zafin da ba a riƙe shi, ya mutu a rabin ta biyu. Na biyun yana da ƙarfi, amma bakinsa na roba ne, da iska ta fara tauri sai ya yi tsalle daga bawul, wato bakin shigar iskar taya, ya mari mai shago a ƙafa. Sai aka bar sauran na kan tebur, aka sauko da wani daga can saman kanta, inda aka ajiye shi don babu mai tambayarsa. Gajere ne, mai kauri, baƙi da ruwan ɗorawa, ba shi da kyau ko kaɗan, nauyinsa kamar ƙaramin turmin dakan yaji. Bakinsa na ƙarfe ne, ana murɗa shi a bawul ya zauna daram. Tiyonsa ya kai kamu uku. Batirinsa ana zare shi a sa wani. Baba Lawwali ya sace iskar da na farkon suka sa, aka danna masa talatin da biyar, ya buɗe murya, durrrrr, har masu shagunan maƙwabta suka leƙo. Minti huɗu da 'yan daƙiƙu ya tsaya da kansa, ya ce tit, tit, tit. Haka ya bi su huɗu a caji ɗaya. Na ɗora bayan hannuna a jikinsa yadda nake duba zazzaɓi. Da ɗumi, amma ba na tashin hankali ba. Muka ɗauke shi tare da batir na biyu.

Da na koma gida na ba maigidana Fred, malamin makaranta, labari, ya ce ko shi ban yi masa irin wannan binciken ba kafin in aure shi. Na ce masa da na yi, da na san yana minshari.

Game da halayen marigayin, ƙauyuka da yawa za su ba da shaida. Bai taɓa tambayar mai taya addininsa ko garinsu ba. Ya cika baburan manoman albasa a fadamar Goronyo, ya cika tayoyin amalanken shanu da ke kwaso gero a Dinawa, ya cika keken ladan, ya cika ƙwallon matan zumunta na cocinmu ran da suka yi wasa da ma'aikatan asibiti. Akwai wani dattijo mai keken guragu a Dinawa da ya san ranar zuwanmu fiye da masu jego, kowane wata za mu same shi a bakin hanya, ya riga ya cire murfin bawul yana riƙe da shi a hannu. Marigayin mai gaskiya ne. Idan taya tana sace iska, zai nuna lambar a fuskarsa ko ran wa zai ɓaci, kuma sau da yawa ran Baba Lawwali ne, domin shi ya yi imani dukan taya da ƙafa ya fi kowane ma'auni. Ya san iyakarsa. Ba ya ƙara ko ɗigo a kan abin da aka ce masa, abin da ban iya faɗa game da wasu ma'aikatanmu ba idan an aike su da saƙon baki.

Ba za mu ɓoye cewa yana da nasa rauni ba. Ba ya iya magana a hankali. Ya sha tarwatsa awaki, ya taɓa tada jariri da na sha wahalar lallashi, kuma idan yana aiki dole a dakata da gaisuwa. Da rana tsaka fuskarsa ba ta karantuwa sai na yi masa inuwa da mayafina. Bayan taya uku yana son a bar shi minti goma ya huce, in an hana shi sai ya riƙa tari. Mun yafe masa duka.

Maƙiyi ɗaya ya taɓa yi a duniya, shi ne Mode mai faci na bakin tashar Goronyo, wanda a da muke tsayawa wurinsa duk dawowa. Shekara biyu Mode yana gaya wa direbobi cewa iskar batir ba ta da nauyi, ba ta kwana cikin taya. Idan mun wuce ba ya ɗaga hannu. Sai ran nan injinsa ya tsaya cak da safe, ga motar wani babban mutum a kan jak, an gama faci babu iska. Muna wucewa ya tare mu, ya gaishe da Baba Lawwali doguwar gaisuwa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya yi maganar damina, sannan ya kalli gefe ya ce, "Ɗan abin nan naku shina kusa?" Marigayin bai riƙe shi a zuci ba. Ya cika tayar, ya ce tit, tit, tit. Tun daga ranar Mode ya canza magana, ya ce iskar tana kwana, sai dai ba ta kai tasa daɗi ba. Jiya ya zo ta'aziyya har Wurno, ya zauna ya daɗe, kuma ban ga alamar murna a fuskarsa ba, ko da yake na duba sosai.

Ciwon ajali ya fara ne a daminar bana. Muna tsallake wani kwari sai jakarsa ta suɓuce daga bayan mota ta faɗa laka. Muka wanke shi, muka shanya shi kwana biyu, ya tashi, amma muryarsa ba ta koma daidai ba. Durrrrr ɗin nan mai daɗin ji ta zama gar-gar-gar, kamar mai majina a ƙirji. Tayar da yake cikawa a minti huɗu ta koma bakwai. Na kai shi wurin Mujaheed, mai gyaran kayan lantarki a Sakkwato, ya buɗe cikinsa, ya hure, ya shafa masa mai, ya ce ƙasa ta ci zoben da ke tura iska, kuma babu irinsa a kasuwa. Ya ce a rage masa aiki, a riƙa ba shi hutu bayan kowace taya biyu. A nan dole in faɗi laifina a gaban jama'a. Ban rage masa komai ba. Jajiberin Sallah babura goma sha huɗu suka yi layi a ƙofar ofis, na kasa cewa a'a, ya cika su duka yana tari. Ni da nake yi wa mata faɗa kullum a kan rashin hutu.

Ranar Talata mun je Tursa awo. Ina cikin aiki aka shigo da wata mata mai suna Mashkura, haihuwa ta uku, tana naƙuda tun asuba. Da na taɓa cikin na gane ɗan ya kwanta a gicciye. Wannan ba haihuwar da hannuna zai iya ba ce, sai an yi aiki a babban asibitin Sakkwato, kuma ba a jira. Muka shimfiɗa mata katifa a bayan mota, yayarta Adawiyya ta riƙe kanta, mijin Mashkura, Shafi'u, ya zauna gaba yana ta juyowa. Tayoyi suna sha takwas tun shigowarmu, don haka muka ratsa yashin lafiya. Da muka hau kwalta Baba Lawwali ya tsaya. Ga tafiya mai nisa a gaba, ga rana, ga nauyin mutum biyar. Da taya a haka ba ya iya gudu, in kuwa ya yi, za ta fashe mana inda babu kowa, kuma duk wanda ya san yankin nan ya san ba hanyar da ake son yamma ta riski mutum a kanta ba ce.

Aka fito da Gajere. Ya cika ta farko yana gar-gar-gar. Ya cika ta biyu, aka canza masa batir. A ta uku na fara jin ƙauri, amma ya kai ta talatin da biyar, ya ce tit, tit, tit da wata siririyar murya. Baba Lawwali ya taɓa shi ya janye hannu da sauri.

"Sista, shina zahi ƙwarai. A bar shi shi huta ko minti goma na."

Na leƙa bayan mota. Mashkura ta daina nishi mai ƙarfi, ta koma yin shiru, wanda ya fi ba ni tsoro. Adawiyya ta ɗago ta dube ni.

Na ce, "Baba, ba mu da minti goma."

Bai yi gardama ba. Ya cire hularsa ya naɗe hannunsa da ita, ya ɗauki marigayin ya kai shi tayar baya ta hagu, ya murɗa bakin, ya danna. Na tsuguna na yi masa inuwa ina karanta lambar da ƙarfi don Shafi'u ya ji ana ci gaba. Ashirin. Ashirin da uku. Ashirin da shida. Muryarsa ta riƙa sauka tana hawa. A ashirin da tara wani farin hayaƙi ya fito ta gefensa, ya ce hik, ya yi shiru. Ba mu ji tit ɗin nan uku ba. Lambar ta tsaya a fuskarsa na ɗan lokaci, sannan ta ɗauke.

Baba Lawwali ya kwance bakin, ya daki tayar da ƙafa sau biyu, ya saurara.

"Ta kai mu," ya ce. "Ku shiga."

Ta kuwa kai mu. Aka shiga da Mashkura ɗakin aiki ana kiran la'asar, aka ciro 'ya mace, uwa da 'ya suna lafiya, likitar ta ce da mun ƙara awa ɗaya da labarin ya canza. Sai da na fito na zauna a kan benci na tuna da wanda muka bari a ƙarƙashin kujera naɗe cikin hular Baba Lawwali. Na danna shi da sabon caji, na girgiza shi, na kira Mujaheed ya zo ya duba. Ya sunsuna shi kawai ya girgiza kai. Ya ce injin ya ƙone ƙurmus, a yi haƙuri.

Shafi'u ya aiko cewa za a sa wa yarinyar suna Surayya, kuma yana son a yi mata laƙabin da zai riƙa tuna masa da marigayin. Mun gode masa, mun dai roƙe shi kada kalmar iska ta shiga ciki ta kowace fuska. Ya ce to ko Gajera. Adawiyya ta ce yarinyar doguwa ce, a bar maganar.

Marigayin ya bar batir biyu, duka lafiyayyu, yanzu marayu. Ya bar caja guda, wadda ta kwana biyu jone a bango fitilarta tana kiftawa, babu wanda ya iya cire ta. Ya bar jaka mai tabon laka, da ƙananan baki uku, na ƙwallo da na keke da wani da har ya mutu ba mu san amfaninsa ba. Na ƙwallon yana hannun wani malamin makaranta da nake kwana gida ɗaya da shi, ana roƙonsa ya dawo da shi kafin rabon gado. Ya bar tayoyi huɗu da safaya, da abokan zamansa na bayan mota, jak da sifana da shebur. Cikin masu makoki babu wanda ya kai gwiwar Baba Lawwali ta dama, domin tun ranar Laraba aka kakkaɓe tsohon famfon ƙafa aka dawo da shi bakin aiki.

Masu turo mini hotunan sababbin famfuna a waya tun gawa ba ta huce ba, na gani, na gode, amma a ɗan yi kara. Za a zauna maganar magaji mako mai zuwa. Duk wanda ke da ɗan takara ya sani cewa sai ya yarda ya riƙe marayun nan biyu, wato batiran su shige shi. Sai ya cika manyan tayoyi huɗu a caji ɗaya ba tare da ya suma ba, bakinsa ya zama na ƙarfe, ya iya tsayawa da kansa. Fitila mai launi da kyan kwali ba su cikin lissafi. A kuma gaya wa mai shagon da za a kai mu wurinsa ya share ƙofarsa, don za a sace iska. Ni kuma na yi alkawari a gaban Baba Lawwali cewa wanda zai zo zai riƙa samun hutunsa, sai dai in an sake kwantar da wata a bayan mota.

Ana karɓar gaisuwa a gindin dogon yaron da ke harabar ofishinmu a Wurno, daga ƙarfe huɗu zuwa shida na yamma, har ranar Juma'a. Akwai kunu da ƙosai. Ba za a binne marigayin ba, ba kuma za a ƙone shi ba, don ƙasar nan ta albasa ce, kada a gurɓata ta. Ranar Asabar za a kai shi Sakkwato wurin Mujaheed, wanda zai cire tiyon da bakin ƙarfen a sa wa wasu famfunan da ke bukata, a dawo mana da gangar jikin a ajiye ta a kan kantar ofis. Za a tashi daga Wurno ƙarfe takwas na safe, kuma kwalta zalla za a bi. Masu rakiya da babura da motoci, don Allah kowa ya duba tayarsa tun daga gida. Wanda ya saba taimakonku yana cikin kwali a kujerar gaba.